Me ya sa katin ɗan ƙasa ya shiga waya, takardar haihuwa kuma tana nan a meri?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Kwanakin baya na sabunta katina na ɗan ƙasa: yaro ya cike mini komai ta waya, na biya ta Orange Money, na je aka ɗauki hoto da zanen yatsa, katin ya fito ba da daɗewa ba. Yanzu makaranta ta ce in kawo takardar haihuwar ɗana da aka haifa a Kuseri saboda jarrabawar CEP ta kammala firamare, ta asalin kuma ta ɓace mana lokacin ƙaura, an ce dole sai can inda aka rubuta shi. Me ya hana meri aiki ta waya kamar yadda 'yan sanda suka yi? Akwai kuma wani da ya ce in tura masa kuɗi, zai aiko mini da ita ta WhatsApp ba sai na yi tafiya ba. Shin in yarda?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: kana son sanin dalilin da ya sa wani ofishin gwamnati ya shiga waya wani kuma bai shiga ba, sannan kana son sanin abin da za ka yi da takardar yaronka kafin a rufe rajistar jarrabawa. Na yi shekaru ina aikin rajistar haihuwa da aure da mutuwa a wata meri, wato ofishin magajin gari, ta nan arewacin Kamaru, daga baya kuma na shiga cikin masu koya wa sakatarori shigar da tsofaffin rajistoci cikin kwamfuta, don haka daga abin da na gani a teburin aiki zan amsa maka.

Amsar ta biyu gajeriya ce, bari in fara sauke ta: kada ka tura wa mutumin WhatsApp ɗin nan ko dala. Dalilin zai fito a ƙasa.

Ofisoshi biyu, hali biyu

Katin ɗan ƙasa da fasfo ba aikin meri ba ne, aikin hukumar 'yan sanda ta ƙasa ne, wadda ake kira DGSN. Hukuma ɗaya ce, shugabanta ɗaya, rumbun bayananta ɗaya a Yaunde, kuma ta ɗauki kamfani ɗaya, Augentic, ya gina mata tsarin. Fasfo ya koma cikewa ta intanet tun watan Yulin 2021 a kan sefa 110,000, katin ɗan ƙasa ya biyo baya a watan Fabrairun 2025 a kan sefa 10,000, alhali a da tamburinsa sefa 2,800 ne. Ka lura da wannan tashin farashi, domin shi ne sirrin saurin da ka gani: mai nema ne yake biyan kuɗin na'ura da na ma'aikata da ribar kamfani, kowane kati da aka buga yana mayar da abin da aka kashe.

Meri kuwa ba ɗaya ba ce. Kamaru tana da komin, wato ƙananan hukumomi, guda 360, ban da manyan hukumomin birane 14, kuma a ƙarƙashinsu akwai ƙananan cibiyoyin rajista dubbai a ƙauyuka da unguwanni, wasu a zauren lawan ko jauro suke, babu wuta, babu kabad mai makulli. Garwa kanta meri uku ce ta gunduma da babbar meri ta birni, haka Marwa, haka Ngaundere. Kowace da nata magajin gari, da nata kasafi, da nata littattafai. Rubuta haihuwa cikin wa'adi kuma kyauta ne a doka, saboda haka babu wani kamfani da zai ga riba a ciki ya zuba jarinsa, sai dai gwamnati ta biya ko masu ba da taimako daga waje. Dokar da ta tattara sha'anin ƙananan hukumomi, ta ranar 24 ga Disamba 2019, ta ce kason da gwamnatin tsakiya za ta ware musu kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarta, amma duk wanda ya zauna a ofishin kuɗi na ƙaramar komin ya san cewa abin da ke isowa yakan ƙare ne a albashi da ajin makaranta da rijiyar burtsatse, kafin a zo maganar kwamfuta.

Sai wuta da layi. Arewa gaba ɗaya ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan Binuwai, mai megawat 72, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, kuma idan ruwa ya ja baya a bazara wutar takan ragu. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da megawat 30 a haɗe, sun rage wahalar a birane, amma sakataren rajista da ke ƙauye a Mayo Rey ko Logon da Shari bai gani a ƙasa ba. Wannan matsala ce ta gaske, sai dai ni ban ɗauke ta babba ba, domin faifan hasken rana biyu da batir sun isa su riƙe kwamfuta da na'urar buga takarda yini guda.

Inda gizo ke saƙar: littafin kansa

Babbar matsalar tana cikin rajista. Kafin meri ta iya aiko maka da takarda ta waya, dole ne abin da ke cikin littafinta ya shiga kwamfuta, kuma ya shiga daidai. Bari in nuna maka yadda ake neman takarda irin ta ɗanka. Littafin haihuwa babba ne, kowane shafi an raba shi, a cike da hannu, a yage ɓangare a ba uba, gindin ya zauna a littafi. Wannan gindin ma'aikata ke kira sush, kuma shi ne asalin shaida, ba takardar da ke hannunka ba. Idan ka zo babu lambar takarda babu shekara, sakatare zai sauko da littattafan shekara biyu ko uku daga saman kabad, ya kaɗe ƙura, ya bi shafi-shafi da yatsa. Na sha ɗaga littafin da gara ta cinye kusurwarsa daidai inda aka rubuta ranar haihuwa, na ga wanda ruwan damina ya mayar da tawadarsa shuɗin tabo, na ga shafukan da aka cike tsaf amma jami'in rajista bai taɓa sa hannu ba, ya kuma rasu tuni. Ambaliyar 2024 a Yagwa da Logon da Shari, da tashin hankalin Boko Haram da ya tarwatsa garuruwan iyaka tun 2014, sun ƙara yawan littattafan da suka lalace ko suka salwanta.

Ko littafin yana nan lafiya, akwai rikicin suna. Magatakardan da suka rubuta sunayenmu sun rubuta su ne da kunnen Faransanci, kowa yadda ya ji. Uba ɗaya sai ka same shi Mohamadou a takardar ɗansa na fari, Mahamadou a ta biyu, Hamadou a ta uku. Uwa Aïssatou a nan, Aichatou a can. Shekarar haihuwar iyaye kuma an rubuta "wajajen 1975" ba rana ba wata. Ɗan adam da ya san gidan zai gane mutum ɗaya ne, kwamfuta kuwa za ta lissafa mutum uku. A wurin horarwa abin da muka fi jaddada wa sakatarori shi ne su kwafe abin da ke shafi harafi da harafi, ko da sun san kuskure ne, domin gyaran takardar haihuwa hurumin kotu ne, ba na mai buga kwamfuta ba. Da yawansu wannan yakan ba su haushi, suna ganin taimako suke yi idan sun gyara, alhali takarda biyu masu saɓa wa juna suke haifarwa, yaron kuma shi zai sha wuyarta ranar da ya je neman katin ɗan ƙasa.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin littafi sam. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kusan kashi 62 cikin ɗari ne na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Kamaru, yankunan arewa kuma suna ƙasa da haka. Yaron da aka haifa a gida, aka yanka ragon suna, aka watse ba wanda ya je meri, babu manhajar da za ta nemo shi. Dokar 2011 ta ba da kwana 90 a bayyana haihuwa, bayan haka sai da umarnin mai gabatar da ƙara na gwamnati, idan an daɗe kuma sai hukuncin kotu, da shaidu, da takardar likita mai ƙiyasta shekaru. Wannan ne ya sa kowace shekara ake ganin ɗalibai 'yan aji shida sun maƙale a bakin CEP, har a riƙa kai zaman kotu makarantu da ƙauyuka domin a yi musu hukunci a dunƙule.

Ba a zaune ake ba. Dokar 6 ga Mayu 2011 ta kafa BUNEC, hukumar da ke sa ido kan rajistar ƙasa baki ɗaya, tana da ofisoshi a yankuna, kuma an fara gwajin rajista ta kwamfuta a wasu komin. Babban sauyi shi ne dokar 23 ga Disamba 2024 kan tsarin rajistar, wadda ta amince da rajista ta na'ura, ta tanadi rumbun bayanai na ƙasa da lamba ɗaya tak ga kowane mutum. A wannan rana aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Kafin wannan doka, ko da meri ta shigar da komai cikin kwamfuta, littafin takarda ne kaɗai kotu ta sani. Saboda haka ƙofar doka ta buɗe. Abin da ya rage shi ne aikin hannu mai cin rai: a ɗauki hoton miliyoyin shafuka, a kwafe, wani ya sake dubawa, a haɗa komin da komin. Ra'ayina shi ne jariran da ake haifa yanzu a asibitocin birni za su riga kowa cin moriyar tsarin, tsofaffin takardu irin ta ɗanka kuwa za su daɗe suna jiran layi, musamman na ƙananan cibiyoyi.

Abin da waya ke iya yi tun yau, da wanda ba ta yi

Bai kamata a jira rumbun ƙasa kafin meri ta amfani jama'a da waya ba, kuma a nan ne nake ganin laifin komin da kansu. Rabin wahalar mai zuwa meri ba ta takarda ba ce, ta rashin sani ce: bai san abin da zai kawo ba, bai san kuɗin tambur ba, bai san mai sa hannu ya yi tafiya ba, sai ya rufe shago ya hau babur sau uku a kan abin da saƙo ɗaya zai warware. Lambar waya guda ta ofis, wadda aka rubuta a bango aka kuma sanar a rediyon gari, da ma'aikaci ɗaya da aka ɗora wa amsa ta, da jerin farashi a manne a ƙofa, sun fi shafin intanet mai hoton magajin gari amfani nesa ba kusa ba. Na ga komin da suka biya aka gina musu shafi da Faransanci zalla, aka yi bikin buɗewa, bayan shekara labarin da ke kai shi ne na ranar bikin. Mutanenmu kuwa da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da Kanuri suke magana, da yawa ba sa karanta boko, abin da suka iya kuma suke so shi ne saƙon murya. Duk tsarin da bai karɓi murya ba ya bar yawancin mata da tsofaffi a waje.

Inda aka gwada karɓar koke ta WhatsApp, na lura da abu ɗaya da ke raba mai aiki da marar aiki. A wata komin an buɗe zaure aka zuba masu unguwanni da kansiloli da matasa, cikin wata guda ya cika da gaisuwar Juma'a da hotunan siyasa, mai cewa famfon unguwarsu ya lalace maganarsa ta nutse. A wata kuma sakataren ya sayi littafi mai arha, duk koken da ya shigo ta waya sai ya rubuta shi ya ba shi lamba, ya mayar wa mai koken da lambarsa, ranar Litinin ya karanta wa magajin gari waɗanda ba a taɓa ba. Wayar iri ɗaya ce, bambancin shi ne a wuri na biyu akwai wanda za a tambaya idan ba a amsa ba. Doka ma tana bayan ɗan gari a nan, ko da yake kaɗan ne suka sani: dokar 2019 ta ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, ya kuma ɗauki kofi da kuɗinsa. Komin da ke son a yarda da ita za ta iya ɗaukar hoton kasafin ta watsa a waya ba tare da kashe ko sisi ba.

Batun kuɗi ya fi kowanne tsauri, kai ɗan kasuwa ka fi ni sani. Harajin gwamnatin tsakiya ya riga ya yi nisa: lambar mai biyan haraji ta intanet ake samunta, ana bayyana haraji a biya ta MTN ko Orange, dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamban 2024 kuma ta kawo haraji guda na dunƙule ga ƙananan 'yan kasuwa. Amma tikitin rumfa da na tashar mota da na kasuwar dabbobi har yanzu hannu da hannu ne a mafi yawan wurare. Biya ta waya zai sa kowace dala ta bar sawu, wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa ake son sa, shi ne kuma dalilin da ya sa ake ƙin sa. Mai karɓar tikiti da ya saba sayar da rasit ɗaya sau biyu ba zai yi murna ba, ɗan kasuwar da ya saba sasantawa da shi a kan rabin kuɗi shi ma haka. Ba na'ura ce ke warware wannan ba, sai magajin gari ya tsaya da ƙafarsa, 'yan kasuwa kuma su ga an share kwata an gyara rumfa da kuɗin.

Wani abin da ya dame ni shi ne sabon ɗan tsakiya da tsarin ya haifar. Ka ce yaro ya cike maka neman kati. Idan ɗanka ne, madalla. Amma je ka kusa da ofishin 'yan sanda ka ga masu tebur da lema suna cike wa mutane a kan ɗari biyar ko jaka guda: sau da yawa lambar wayarsu suke sawa a madadin ta mai nema, saƙon ranar zuwa ya faɗa wayarsu, hotunan takardun haihuwar mutane ɗari kuma suna kwance a cikinta. Harafi ɗaya da suka kuskure a suna zai bi mutum shekaru. Ba na cewa a kore su, domin suna toshe giɓin da gwamnati ta bari, amma duk mai zuwa wurinsu ya tsaya a sa lambarsa, a karanta masa abin da aka rubuta kafin a tura, a kuma goge hotunan a gabansa.

Takardar ɗanka

Yanzu ga dalilin da na ce kada ka biya mutumin WhatsApp. Takardar haihuwa ba ta da daraja sai idan tana da gindi a littafi. Abin da irin waɗannan mutane ke yi shi ne su samo fom, su cike, su buga hatimi na gaske ko na jabu, su ba ta lambar da ko dai babu ita ko kuma ta wani yaro ce. Za ta iya wucewa a makarantar firamare, amma ranar da yaron ya je neman kati ko fasfo ko shiga gasar aikin gwamnati aka nemi tabbacin sush daga Kuseri, sai asiri ya tonu, a lokacin kuma takardun karatunsa duka sun ginu a kanta. Amfani da takardar jabu laifi ne da ake hukuntawa, ba a kan wanda ya buga kaɗai ba.

Hanyar gaskiya ba lallai ta kai ka Kuseri da ƙafarka ba, tafiyar da ta haura kilomita 450 ta Marwa da Mora da Waza. Fara da neman lambar takardar da shekararta da sunan cibiyar da ta rubuta. Duba makarantar da yaron ya fara shiga, domin galibi suna ajiye kofi a fayil ɗinsa. Duba katin rigakafi da takardar asibitin haihuwa. Tambayi mahaifiyarsa, mata sun fi mu adana irin waɗannan a cikin akwati. Ko tsohon kofi da ya dushe ya isa, tunda lambar ake so. Idan ka samu, ka tura hotonsa ga ɗan'uwa ko amini da ka yarda da shi a Kuseri, tare da hoton katinka da 'yar takardar wakilci da ka sa wa hannu, ya je ofishin rajista na meri da kansa, ba wurin masu zama a bakin ƙofa ba, ya nemi a duba littafi a ba shi kofi daga sush. Zai sayi tambur, ya karɓi rasit a kan duk abin da ya biya. Idan a ƙaramar cibiya aka rubuta yaron, meri ce za ta nuna masa inda littafin yake. Ya ɗauki hoton takardar ya turo maka ka duba kowane harafi na sunan yaro da naka da na mahaifiyarsa kafin ya baro wurin, sannan ya ba motar haya ta kawo maka a ambulan.

Idan aka duba aka ce littafin ya lalace ko ya ɓace, a nemi meri ta rubuta hakan a takarda, domin da ita za a je kotu. Ana ajiye kwafin rajista a ofishin magatakardan kotun yankin, saboda haka a duba can tukuna. Idan can ma babu, sai a shigar da buƙatar sake gina takardar a kotun da cibiyar ke ƙarƙashinta, wato ta Kuseri, ba ta Garwa ba. A nan aikina ya tsaya, domin ni ma'aikacin rajista ne, abin da ya shafi kuɗin shigar da ƙara da ranar zama magatakardan kotu ne zai faɗa. Abin da zan hana ka shi ne shawarar da wasu za su ba ka ta cewa ka yi wa yaron sabon hukunci a nan Garwa kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Yana da sauƙi yau, amma zai zama mutum mai takardar haihuwa biyu da wurin haihuwa biyu, kuma irin wannan ne rumbun ƙasa zai fara tonowa idan ya kammala.

Ka je wurin shugaban makarantar tun wannan mako ka gaya masa ana kan nema, ka tambaye shi ranar ƙarshe ta miƙa fayil, ka kuma tambaya ko akwai zaman kotu na ɗalibai da aka shirya a gundumarku bana. Idan takardar ta iso, ka yi kofi uku ka kai meri mafi kusa da kai a buga musu hatimin tabbatarwa, ka ɗauki hotonta gaba da baya ka tura wa mutum biyu a cikin dangi, ta asalin kuma kada ta sake barin gida sai in ofis ya ce lallai sai ya gan ta da ido.